Mai Gyaran Keken Shafi na Tamanin da Bakwai

Farfesa yana da tebur biyu a ɗaki ɗaya, kuma bai taɓa yarda su haɗa kafaɗa ba. Na bakin taga shi ne na tarihi, nan yake zama daga safe zuwa tsakar rana. Na bayan ƙofa kuwa na ƙagaggun labarai ne, can yake komawa bayan ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa. Kafin ya zauna a na farko sai ya sunkuyar da kai ya roƙi Ubangiji ya tsare shi daga ƙarya. Kafin ya zauna a na biyu sai ya sake sunkuyar da kai ya nemi gafarar wadda zai shirga. Shekara arba'in da ɗaya matarsa tana kallon wannan, har yau in ta gani sai ta kau da kai kada dariya ta ƙwace mata.

Ita ke buga masa komai. Littafin tarihi goma sha ɗaya da na labari bakwai, babu harafin da bai bi ta yatsunta ba, shi ya sa matan coci ke kiranta Mama Tafireta. Da yara suka sayo kwamfuta ta koya cikin mako biyu, sai dai har yanzu dukan madannan take yi kamar sun yi mata laifi.

Tsarin aikinsu mai sauƙi ne. Abin da Farfesa ya tono a tsofaffin takardu ko ya ji daga bakin wanda ya gani, a farin kati yake rubuta shi, ya jefa cikin akwatin ƙarfe. Abin da ya ƙago daga kansa kuwa a koren kati, ya jefa cikin kwali. Mama ta kwashe, ta jera, ta buga. Da wannan tsari ya yi suna. Abokan aikinsa a jami'a sun yi shekaru suna bin littattafansa da fitila ko za su kama shi da kuskure, ba su samu ko na kwanan wata ba. Akwai wani matashin malami da ya taɓa rubuta shafi talatin don ya ƙaryata shi, ya ƙare da zuwa gida da kwandon lemo yana ba da haƙuri. Farfesa ba mai girman kai ba ne, amma wannan suna yana sonsa, yana lallaɓa shi kamar ƙwai a aljihu.

Ranar Alhamis da hantsi Fasto ya zo, yana ta walwala. Ranar Lahadi za a buɗe sabon ɗakin karatu na coci, kuma dattawa sun yanke cewa za a sa masa sunan mai gyaran keke.

Duk wanda ya tashi a cocin nan ya san mai gyaran keke, domin yana shafi na tamanin da bakwai na littafin tarihin cocin da Farfesa ya rubuta yana matashi. Shekarar da aka gina cocin, ƙararrawa ta iso tashar jirgin ƙasa, ruwa ya cinye gada, direban babbar mota ya ce shi kam ba da shi ba. Sai wani gurgu mai gyaran keke ya haɗa keke biyu da katako, ya ɗaure ƙararrawar a kai, ya turo ta mil goma sha biyu cikin taɓo, ya iso da safiyar Lahadi. Aka miƙa masa lada ya ƙi. Ruwa kawai ya sha ya juya, ba wanda ya tambayi sunansa. Sauran littafin, a gaskiya, jerin sunayen dattawa ne da rigimar kwano da siminti, ba mai karanta shi sai wanda barci ya ƙi zo masa. Amma wannan shafi yaran makarantar Lahadi sun haddace shi. An yi wa'azi da shi ya fi sau ɗari.

"Mama, abu ɗaya ya rage," in ji Fasto. "Ainihin katin da Baba ya rubuta labarin a kai muke so. Za mu sa shi cikin gilashi a bakin ƙofa, jikoki su gani."

Farfesa ya yi gyaran murya, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, babu katin da ya taɓa ɓacewa a gidan nan.

Bayan Fasto ya tafi Mama ta jawo akwatin ƙarfe na uku daga ƙarƙashin kantar littattafai, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ba ta yi minti goma ba ta same shi. Fari ne tas, sai dai gefensa da ya ɗan yi ja saboda tsufa. Ga rubutun mijinta na lokacin ƙuruciya, mai tsayi da yanga. Ta karanta ta yi murmushi. Sai ta juya bayan katin don ta goge ƙura, abin da ba ta taɓa yi ba, domin Farfesa ba ya rubutu a bayan kati.

Da fensir aka rubuta: "Babi na uku. Gurgu ne ko mai ido ɗaya? Gurgu ya fi ban tausayi. Keke ɗaya ba zai ɗauka ba, a mai da shi biyu. Ya mutu a hanya? A'a, masu karatu za su yi fushi."

Mama ta karanta sau biyu. Sai ta ji wani abu ya taso mata daga ciki, ta toshe baki da gefen zani, amma ina. Dariya ta kwashe ta har ta kwanta a kan tabarmar roba tana dukan ƙasa, hawaye na zuba. Gurgu ko mai ido ɗaya! Bawan Allah, ashe da kyar ya tsira da idonsa!

Komai ya dawo mata. Shekarar tana da cikin Auta, koren kati ya yanke a kantin littattafai har kusan wata guda. Farfesa ya riƙa rubuta abubuwan labari a farin kati, ya ce zai sa musu alama, bai sa ba. Ita kuwa ga nauyin ciki ga yara biyu suna jan zaninta, duk farin da ta gani sai ta jefa cikin akwatin ƙarfe. Labarin da ya fara a lokacin bai yi nisa ba ya watsar, don haka bai taɓa neman gurgunsa ba. Ta tuna har ranar da take buga shafin, ta ga katin babu madogara, ta ɗaga murya ta tambaye shi. Yana banɗaki yana aske gemu ya amsa, "In babu takarda, to daga bakin tsofaffi ne!" Ita ma ta buga a ƙasan shafi, daga bakin tsofaffi.

Can dariyar ta tsaya cak, tsoro ya maye gurbinta. Mijin nan nata shekararsa saba'in da shida, kuma duk abin da ya tara a duniya shi ne a ce bai taɓa rubuta abin da bai faru ba a teburin taga. Ta dubi katin, ta dubi murhu ta cikin ƙofar kicin. Minti ɗaya zai ƙone. Amma ta san kanta, ba ta iya riƙe magana, ko kyautar ranar haihuwa ta saya masa sai ta faɗa masa tun a mota.

Da rana ta same shi yana zagaya falo da takarda a hannu, yana gwajin jawabin Lahadi a gaban kujeru.

"Baban yara," ta ce, "wai ni kam wa ya ba ka labarin mai gyaran keken nan?"

"Wata tsohuwa ce," ya ce ba tare da ya yi jim ba. "Kamar yau nake ganinta. Tana zaune a ƙofar gidanta da shuɗin ɗankwali, haƙoranta biyu. Har akwai akuya ɗaure a gefe."

"Har da akuya?"

"Baƙa, mai farin goshi. Me ya ba ki dariya?"

Mama ta riƙe bayan kujera. Ta so ta yi magana, muryar ta ƙi fita sai wani ƙaramin kuka irin na buta a kan wuta. Ta zaro katin daga cikin rigarta, ta ajiye masa a kan tebur, bayansa yana sama, ta koma gefe ta tsaya tana shirin ɗauko maganin hawan jini.

Ya sa tabarau. Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Ya juya gaban katin, ya juya bayan.

"Mai ido ɗaya," ya ce a hankali.

Kafaɗunsa suka fara rawa. Mama ta zaci kuka ne, ta yo kansa, ashe dariya ce. Ya faɗa kan kujera yana tari yana riƙe ciki. "To akuyar fa? Maman yara, akuyar daga ina na samo ta?" Ita ma ta zube kusa da shi. Tsofaffi biyu, masu jikoki tara, suna ta ƙyaƙyata kamar 'yan firamare da malami ya fita aji. In ɗaya ya lafa sai ɗayan ya ce "keke biyu," su sake ɓarkewa.

Da suka gaji, ya jingina kai da bango, fuskarsa ta canza. "Sau nawa na tsaya a mumbari na ba da labarin nan?"

"Ba ya ƙirguwa."

"Littattafai huɗu na wasu mutane sun ɗauko shi daga wurina. Akwai yarinyar da ta yi digiri a kansa, ni na sa mata hannu."

"Laifina ne," in ji Mama. "Ni na jefa shi a akwatin ƙarfe."

"Ni na karanta shi kafin a kai maɗaba'a, na ce madalla." Ya sake juya katin. "Na gan shi a farin kati, shi ke nan na gaskata kaina."

Mama ta matso, ta rage murya ko da yake babu kowa a gidan. "In aka manna shi a kan kwali da gam, ai ba mai ganin bayansa har abada."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ta zaci zai yi mata faɗa, sai ta ga yana tunani, kuma wannan ya fi faɗan tayar mata da hankali. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar bai zauna a kowane tebur ba.

Ranar Asabar suka je ofishin Fasto tare. Fasto ya karanta bayan katin, ya miƙe tsaye, ya zauna, ya buɗe firijin ofis ya rufe ba tare da ya ɗauki komai ba.

"Baba, an riga an zana allon tagulla. Mai walda ya haɗa keke biyu a bakin ƙofa, mako uku yana aiki bai karɓi komai ba. Baƙi suna hanya." Ya share goshi. "Kuma ka san gida biyu ke rigima a kan mutumin nan? Mai Kanti ya ce kakansa ne, yana da hoto. Shugabar mawaƙa ta ce ƙanin kakarta ne, famfon kekensa yana wurinta. Da kyar na raba su a taron dattawa."

Mama ta ciji leɓe har ya yi zafi.

"Ka bari a yi biki lafiya," in ji Fasto. "Bayan wata shida sai a gyara a hankali. Baba, labarin nan ya yi aiki. Samarin da suka yi mana rufi kyauta, saboda shi suka yi. Waye ya cutu?"

"Zan yi addu'a a kai," in ji Farfesa. Mama ta san wannan amsar, ita yake bayarwa idan bai san inda zai sa kansa ba.

Lahadi ta zo da rana mai kyau. Bayan sujada jama'a suka cika harabar sabon ɗakin, an kafa rumfa, an ɗaure jan kirtani a ƙofa, keke biyu na ƙarfe suna sheƙi da sabon fenti. A layin gaba, hannun dama, Mai Kanti ya zauna da iyalinsa, ya rungume hoton wani dattijo tsaye kusa da keke da ƙafafunsa biyu lafiyayyu. A hannun hagu shugabar mawaƙa ta ɗora wani tsohon famfo mai tsatsa a cinya, an ɗaura masa farin ƙyalle. Ba sa kallon juna. Malaman jami'a suna layi na biyu, har da mai kwandon lemo, wanda yanzu shi ma ya yi furfura.

Mama ta zauna a gefe, jakarta a ƙirji. Ba ta san abin da mijinta zai yi ba. Da safe ta ga ya sa takardar jawabin a aljihun dama, katin a na hagu.

Aka kira shi, aka yi tafi har da masu tashi tsaye. Ya zaro takardar aljihun dama. Ya fara da muryarsa ta mumbari, ruwa ya cinye gada, direba ya ƙi tafiya. Jama'a suna gyaɗa kai, wasu leɓunansu na motsi tare da nasa. Mama ta ji sanyi a ranta, ta kuma ji kunyar sanyin. Ya kai daidai inda gurgu ke fitowa daga rumfarsa, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon takardar. Wani ya miƙo masa ruwa, ya girgiza kai.

"'Yan'uwa," ya ce, "wannan mutumin, ni na yi shi."

Ba wanda ya gane. Wata tsohuwa a baya ta ce amin.

Ya zaro katin ya karanta musu bayansa, kalma bayan kalma, har da maganar ido ɗaya. Ya yi bayanin farin kati da kore. Ya ce babu mai gyaran keke, babu tsohuwar da ta ba shi labari. Ya ce ƙararrawa dai ta iso, ga ta can a sama kowa na jin ta, amma wanda ya kawo ta da yadda aka kawo ta, bai sani ba. Ya maimaita, bai sani ba. Ya ce shekara talatin da takwas yana koya musu abin da bai faru ba, yana roƙon gafararsu da ta Ubangiji, kuma kuskuren nasa ne shi kaɗai.

Sai Mai Kanti ya miƙe, hoto a hannu.

"Farfesa, da girmanka! Kana nufin kakana ƙarya ne?"

"Kakanka gaskiya ne, ɗana. Ƙararrawar ce bai ɗauko ba."

"To famfon nan fa?" in ji shugabar mawaƙa, tana ɗaga shi sama. "Shekara ashirin yana cikin kabad ɗina tare da kwanukan baƙi!"

Wani a cikin samari ya tuntsire. Na kusa da shi ya kama. Abin ya bi layi-layi kamar wuta a busasshiyar ciyawa, har mai walda ya zauna a ƙasa kusa da kekunansa yana riƙe kai yana dariya. Fasto ya rufe fuska da takardar shirin biki, kafaɗunsa suna motsi. Amma ba kowa ya yi dariya ba. Mama ta ga malamar makarantar Lahadi ta haɗe rai ta tattara yaranta. Ta ga mai kwandon lemo ya zaro ƙaramin littafi yana rubutu da sauri.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "A dakata!" ta ce, da muryar da take kiran jikoki cin abinci. "Ya ce kuskurensa ne shi kaɗai, to wannan ma a gyara, kada a tafi gida da ƙarya ta biyu. Ni na jefa katin a akwatin da ba nasa ba. Littafin nan shafi ɗari uku ne, shafi ɗaya tak kuke karantawa, kuma ni na sa shi a ciki. In za a yi fushi a raba da ni."

Matan coci suka ɗauki tafi da shewa. Aka yanke kirtani a cikin hayaniya, ba wanda ya san sunan da ɗakin zai ci. Wani dattijo ya cire rigarsa ta sama ya rataya a kan allon tagulla. Mutane suka yi ta zuwa suna gaisawa da Farfesa, wasu suna rungumarsa, wasu suna miƙa hannu a taƙaice ba tare da sun dubi idonsa ba. Mai Kanti ya wuce bai yi sallama ba.

Suka ƙi shiga motar Fasto, suka ce za su taka. Titin ya yi shiru irin na ranar hutu, shaguna a rufe, wani kare na barci a ƙarƙashin motar da aka cire wa tayoyi. Mama tana ta zuba, tana kwaikwayon yadda shugabar mawaƙa ta ɗaga famfo, tana dariya ita kaɗai. Sai da suka wuce kantin magani ta lura ba ya amsawa. Ta juya, ta ga hawaye na bin kumatunsa yana shiga gemu.

Ta tsaya. "Sunan da ka yi ne? Baban yara, rabu da su. Su rubuta abin da za su rubuta."

"Sunan ya tafi, na sani. Gobe zai yi mini zafi." Ya lalubi hankici bai samu ba, ta ba shi nata. "Ba shi ba ne."

"To mene ne?"

Ya yi ɗan murmushi irin na mai jin kunya. "Kin san na tsufa, nakan yi tunanin can lahira. Nakan lissafa waɗanda zan nema in na isa. Iyayena, da yayana, da ɗanmu na fari." Ya share ido da hankicin. "Mai gyaran keken nan shi ne na biyar. Na daɗe ina cewa in na gan shi zan tsayar da shi in ce, bawan Allah, wai mene ne sunanka?"

Mama ta saƙala hannunta cikin nasa, abin da ba ta taɓa yi a kan titi ba, suka ci gaba da tafiya a hankali.